Naɗin Shugabannin Ilimi a Jiha da Darajar Malamin Makarantar Gwamnati: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da sabon gwamna ya sha rantsuwa, ko kuma wanda ke kan kujera ya yi wa majalisar zartarwarsa garambawul, hankalin jama'a yakan koma kan wanda zai samu ma'aikatar ayyuka da wanda za a ba ta kuɗi. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi wanda aka danƙa wa ma'aikatar ilimi ba, alhali kuwa babu gidan da aikin wannan ma'aikata bai shiga ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye da malamai suka fi yi idan maganar ta taso, kuma amsoshin sun fi karkata ga jihohin Arewacin Nijeriya.

Su wane ne ake nufi idan aka ce shugabannin ilimi a jiha?

Ba mutum ɗaya ba ne. A sama akwai kwamishinan ilimi, wanda ke kai buƙatun ma'aikatar gaban gwamna, ya kare kasafinta a majalisar dokoki, ya kuma wakilci jihar a Majalisar Ilimi ta Ƙasa, inda ministan ilimi da kwamishinonin jihohi ke zama su tsayar da manufofi. Daga shi sai babban sakatare, wanda alhakin kashe kuɗin ma'aikatar ke wuyansa. Akwai shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da hukumar da ke kula da malaman sakandare, wadda sunanta ya bambanta daga jiha zuwa jiha, sannan a ƙasa akwai sakataren ilimi na kowace ƙaramar hukuma. Malamin da ke koyarwa a ƙauye zai iya yin ritaya bai taɓa ganin kwamishina ido da ido ba, amma ya san sakataren ilimi sarai, domin daga ofishinsa takardar canjin wurin aiki ke fitowa, kuma a gabansa ake kai ƙara.

Wane sharaɗi doka ta gindaya wa wanda zai zama kwamishinan ilimi?

Sashe na 192 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna ikon naɗa kwamishinoni da amincewar majalisar dokokin jiha, kuma sharaɗin da ya kafa shi ne mutum ya cancanci tsayawa takarar ɗan majalisar jiha. Idan aka koma sashe na 106, wannan cancanta ta ƙunshi zama ɗan ƙasa, da cika shekara 25 tun bayan gyaran 2018, da karatu zuwa matakin kammala sakandare. Haka nan sashe na 14 ya buƙaci gwamna ya lura da bambancin al'ummomin jiharsa wajen rabon muƙamai. Gyaran da aka sa wa hannu a 2023 ya ƙara da cewa dole gwamna ya miƙa sunaye cikin kwana 60 da shan rantsuwa.

Babu inda aka ce wanda zai riƙe ilimi sai ya taɓa koyarwa, ko ya taɓa shugabantar makaranta, ko ma ya karanci fannin. Abin lura shi ne, wannan kundi ya tanadi cewa kwamishinan shari'a sai lauyan da ya shekara aƙalla 10 da cancantar aiki. Wato masu rubuta shi sun san akwai kujerar da ke buƙatar gwaninta, sai dai ba su sa ilimi a wannan sahu ba. Mai neman koyar da aji ɗaya ana tambayarsa takardar NCE, wato shaidar kammala kwalejin ilimi, da rajistar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista, amma wanda zai shugabanci dubban irin wannan malami ba a tambayarsa ko ɗaya daga ciki.

Ashe ba majalisar dokoki ce ke tantance su ba?

Ita ce, amma akwai giɓi babba a yadda ake yi. Bisa al'ada, gwamna yana aika sunaye ba tare da faɗin ma'aikatar da kowa zai riƙe ba, sai bayan rantsuwa ake rabawa. Saboda haka ɗan majalisar da ke da niyyar yin tambaya mai ma'ana bai san ko mutumin da ke tsaye gabansa ilimi zai je ko noma ba. A kan haka kuma aka ɗora al'adar nan ta cewa tsohon ɗan majalisa ko wani babba a jam'iyya ya rusuna ya wuce. Idan majalisa ta yi shiru har kwanakin aiki 21 suka cika, doka ta ɗauka an amince. Babu abin da ya hana majalisa ta roƙi gwamna ya haɗa kowane suna da ma'aikatarsa, kuma babu abin da ya hana gwamna yin haka da kansa.

To a zahiri yaya ake zaɓar mutumin?

Abubuwa uku ne suka fi yin tasiri: kason yanki, da hidimar da mutum ya yi wa jam'iyya lokacin zaɓe, da kuma yardar gwamna ko ta ubangidan da ya tsaya masa. Wannan ba laifi ba ne a karan kansa, domin kowace gwamnatin siyasa tana saka wa waɗanda suka yi mata wahala, kuma an sha samun 'yan siyasa da suka riƙe ilimi da gaskiya. Inda ɓarnar take shi ne a ɗauki ma'aikatar a matsayin wurin ajiye wanda aka rasa inda za a kai shi, ko a riƙa sauya kwamishina kafin ya gama sanin daraktocinsa. Yaron da ya shiga aji ɗaya yana buƙatar shekara shida kafin a ga amfanin abin da aka shuka a kansa, don haka ma'aikatar da kowane sabon shugaba ke zuwa ya ajiye shirin na baya ya ƙirƙiro nasa ba za ta taɓa ganin girbi ba.

Dole ne sai malamin makaranta zai iya riƙe wannan ma'aikata?

Ba dole ba ne, kuma bai kamata a mayar da maganar ta zama ta takarda kawai ba. An ga farfesoshi da aka ba kujerar suka kasa, domin sanin jami'a daban, sanin halin makarantar firamare da ke bayan gari daban. An kuma ga waɗanda ba malamai ba da suka yi abin kirki saboda suna da kunnen saurare, kuma gwamna yana jin maganarsu idan aka zo rabon kuɗi. Duk da haka, ra'ayina shi ne wanda ya taɓa riƙe alli yana da wani sani da ba a samunsa a cikin fayil. Ya san abin da ake nufi idan aka ce malami ɗaya ne ke riƙe da aji uku, ya san cewa ranar kasuwa aji kan ragu, da damina kuma yara kan tafi gona, ya san yadda jinkirin albashi na mako biyu ke wargaza gida. Aliyu Makaman Bida, wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi ta Jihar Arewa a farkon shekarun 1950, tsohon malami ne kuma tsohon shugaban makarantar midil. Idan kwamishina bai fito daga aji ba, to lallai ne babban sakatare da shugaban SUBEB su kasance sun fito daga can, kuma ya zama mai jin shawararsu.

Me zai hana a bar jama'a su zaɓe shi da ƙuri'a?

Akwai inda ake yin haka. A Amurka, jihar Kalifoniya tana zaɓar shugaban iliminta da ƙuri'ar jama'a, a Texas gwamna ne ke naɗawa, a New York kuma wata majalisar amintattu ce ke ɗauka. Kowace hanya tana da nata aibu. A wurinmu, zaɓe zai buƙaci gyaran tsarin mulki, kuma zai jefa kujerar cikin tsadar takara da sayen wakilai, ga shi wanda aka zaɓa zai iya saɓawa da gwamnan da ke riƙe da lalitar kuɗi. Abin da ya fi dacewa a duba shi ne misalin Kenya, inda kundin tsarin mulkin 2010 ya ba hukumar kula da aikin malamai 'yancin kanta, ita ke yi musu rajista, ta ɗauke su, ta tura su, ta ƙara musu girma, ta kuma hukunta su. Manufar ita ce a raba ɗaukar malami da alfarmar ɗan siyasa.

Me ya sa ake cewa kujerar SUBEB ta fi ta kwamishina zafi?

Saboda a nan kuɗin gine-gine da yawan ma'aikata suke. Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, dokarsa kuma ta fito a 2004. Dokar ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, da sharaɗin cewa jiha ba za ta karɓi kasonta na ayyuka ba sai ta ajiye nata daidai da shi. Shekara da shekaru UBEC na kokawa cewa biliyoyin naira na kwance a asusu saboda wasu jihohi sun ƙi kawo nasu kason, a daidai lokacin da yara ke zaune a ƙasa. Gwamna ne ke naɗa shugaban SUBEB bisa dokar jiharsa, kuma shugaban da ya san aikinsa shi ne wanda zai matsa har a biya wannan kaso, sannan ya hana a ƙarar da kuɗin a kan fenti da katanga kawai. Gini ana ganinsa daga bakin titi, ana yanka masa zare, shi ya sa ya fi horar da malami farin jini a wurin masu mulki.

Kujerar sakataren ilimi kuwa ita ce aka fi rainawa, kuma ita ce ta fi kusa da aji. Inda aka ba da ita ga ɗan gaban goshin wani shugaba, za ka tarar makarantun cikin gari sun cika da malamai har wasu ba su da darasi, na ƙauye kuma hedimasta ne da mutum biyu.

Wa ke biyan malamin firamare, kuma me ya sa albashinsa ya fi na kowa tangarɗa?

Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya sa ƙananan hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin ilimin firamare, don haka daga kasonsu ake cire albashin malamai, galibi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Sakamakon haka malamin firamare ya zama ɗan tsakiya: jiha na iya cewa ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, ƙaramar hukuma kuma ta ce kuɗinta yana hannun jiha. Idan aka yi sabon mafi ƙarancin albashi, kamar naira 30,000 na 2019 da naira 70,000 na 2024, a wurare da dama shi ne na ƙarshen gani a ƙasa. A 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a kan wannan batu. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya sa tsofaffin malamai fargaba, domin suna tuna zamanin da albashi ke hannun ƙananan hukumomi ana bin su bashin watanni.

Ga kuma ƙarin girma na takarda, wanda mutum zai karɓi wasiƙa amma albashinsa bai motsa ba, da garatutin da ake jira har wasu su rasu ba su karɓa ba. Na taɓa tsayawa a harabar wata sakatariya ranar tantance ma'aikata, na ga wata malama da ta kusa ritaya zaune a gindin darbejiya tun hantsi, ta rungume fayil a cikin leda, tana ta sake lissafa takardunta don kada a ce ɗaya ta ɓace. Da la'asar aka ce a dawo gobe. Abin da ta faɗa a hankali shi ne, 'yan ajinta sun yi kwana biyu ke nan ba kowa a gabansu. Farautar ma'aikatan bogi wajibi ce, amma ana iya zuwa a tantance malami a makarantarsa, kuma a can ne ma za a fi gane wanda ba ya zuwa.

Amma ba malaman ne da kansu suka lalace ba? Ai an gani a Kaduna.

Wannan tambaya tana da nauyi, kuma kare malami ba ya nufin a rufe ido. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarabawar da aka ce ta matakin aji huɗu ce, ta kuma bayyana cewa 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba. An sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018, gwamnati kuma ta ɗauki sababbi. A 2022 an sake sallamar 2,357, wasu don sun faɗi wata jarabawar, wasu don sun ƙi zama. Duk uban da ya ga takardun amsar da aka yaɗa a lokacin yana da dalilin tashin hankali, domin babu adalci a bar ɗan talaka a hannun wanda shi kansa bai iya abin da zai koyar ba.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Wanda bai iya karatu ba bai kai kansa aji ba: wata kwaleji ce ta ba shi takarda, wani ne ya rubuta masa wasiƙar alfarma, wani jami'i ne ya sa hannu a takardar ɗaukarsa, wasu kuma suka shekara suna duba makarantar ba su ce komai ba. Shi ya sa maganar ingancin malami ba ta rabuwa da maganar wanda ke shugabanci. A Kadunan ma, dubbai daga cikin sababbin da aka ɗauka an sake sallamarsu a 2018 saboda ba su cancanta ba, abin da ya nuna cewa ƙofar shiga ita ce wurin tsaro. Kora kaɗai, ba tare da gyara kwalejojin horo da hanyar ɗauka ba, maimaita wahala ce, kuma tana shafa wa dubban malamai na ƙwarai baƙin fentin da ba su ci ba su sha ba.

Da gaske ne a da malami ya fi haka daraja?

Gaskiya ne. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, an kafa ta ne don horar da malamai, kuma daga cikinta shugabannin farko na Arewa suka fito. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a makarantar midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a ta Bauchi har ya shugabance ta, Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, ya kuma jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, Shehu Shagari ma daga aji ya shiga siyasa. Tun kafin boko, Nana Asma'u ta tsara jajis da ke bin ƙauyuka suna karantar da mata. Kalmar "malam" kanta, wadda muke girmama kowane namiji da ita, shaida ce a kan matsayin mai koyarwa a wurin Bahaushe.

Abin ya fara sauyawa ne da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin da yara suka yi yawa fiye da yadda aka yi hasashe, aka shiga ɗaukar malamai da horon gaggawa. A shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don cike wannan giɓi. Daga baya aka daina horon malamai na matakin Giret Tu, wanda kwalejoji irin na Toro da Wudil da Maru suka shahara da shi, NCE ta zama mafi ƙarancin shaida. A 2024 da 2025 mafi ƙarancin makin da JAMB ta amince da shi don shiga kwalejin ilimi shi ne 100 cikin 400, ƙasa da na jami'a, saboda haka da yawa suna zuwa ne bayan sauran ƙofofi sun rufe. Maganar nan da ake yawan yi, wai ladan malami yana lahira, ta zama abin fakewa ga masu tauye masa haƙƙinsa na duniya.

Ina aka kwana a kan alkawuran da aka yi wa malamai a 2020?

A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da tsarin albashi na musamman da ƙarin shekarun aiki. Na biyun ya zama doka a 2022: ritaya a shekara 65 da haihuwa ko 40 da fara aiki. Jihohi sun bi a lokuta daban-daban. Albashin na musamman kuwa NUT na ci gaba da neman a aiwatar da shi.

Tunda makarantun kuɗi sun yawaita, me ya sa za a damu da ta gwamnati?

Domin mafi yawan 'ya'yan Arewa ba su da wata sai ita. UNICEF ta daɗe tana ambaton yara kimanin miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, akasarinsu a Arewa, kuma ba makarantar kuɗi ce za ta je ta ɗauko su daga ruga da ƙauyen da babu mota ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma duk wanda ya leƙa makarantun unguwannin Kano ko Gusau ya san akwai ajin da ya ninka haka sau uku. Malamin da ya tsaya gaban irin wannan aji, ba fanka, ba isassun littattafai, har ya fitar da yaran da ke haɗa baƙi, ya yi aikin da ya cancanci a tsaya a yaba. Wasu ma da rayukansu suka biya: a 2017 UNICEF ta ce an kashe malamai fiye da 2,295 a Arewa maso Gabas tun daga 2009, wasu 19,000 kuma sun rasa matsuguni.

Ni kaina a irin wannan makaranta na koyi karatu. Malaminmu na aji biyu yana zuwa a kan keke daga wani gari, allon ajin kuma da garin gawayi muke shafe shi ya yi baƙi. Yakan riƙe hannun yaro ya bi da shi kan harafi har sai ya zauna, kuma idan ɗayanmu ya yi fashin kwana biyu, da yamma za a ga kekensa jingine a ƙofar gidansu.

Mene ne iyaye da malamai za su iya yi tun kafin a yi naɗi, da kuma bayansa?

Lokacin da ya fi amfani shi ne tsakanin rantsar da gwamna da miƙa sunaye. A wannan tsakani reshen NUT na jiha, da ƙungiyoyin iyaye, da tsofaffin ɗalibai, da sarakuna za su iya bayyana a fili irin mutumin da suke so, ba tare da sun tsaya wa wani suna ba. Kowa yana da ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓarsa, kuma ana iya kai masa tambayoyi a rubuce ya yi wa wanda aka kawo: yaushe rabonsa da shiga makarantar gwamnati, yaya zai raba malamai tsakanin birni da ƙauye, ta wace hanya zai ɗauki sababbi, kuma me zai yi da bashin ƙarin girma.

Bayan naɗi, kwamitin kula da makaranta na al'umma, wato SBMC, shi ne hanya mafi kusa. Yana da damar sanin malamai nawa aka rubuta wa makarantar da kuma nawa ke zuwa, ya kai rahoto ga sakataren ilimi, idan ba a ji ba ya wuce SUBEB. Haka kuma a riƙa bin kasafi har zuwa abin da aka saki, domin jiha kan ware kaso mai tsoka a takarda amma abin da ya fita ya gaza. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, kuma hanyar auna irin wannan mataki, a Kano ko a wata jiha, ita ce a je makarantar unguwa bayan zango uku a ƙirga malaman da aka ƙara, a tambaye su ranar da albashi ke shiga, sannan a ba ɗan aji uku littafi a ji ko zai karanta.